Shin satar fasahar Apple Microsoft ta yi da Windows?

Ɗalibi: Assalamu alaikum. Ni dai har yanzu ina kan bakana: Microsoft satar fasaha ta yi. Macintosh, kwamfutar Apple, ta fito a Janairun 1984 da tagogin allo da linzami, sai ga Windows 1.0 a Nuwamban 1985. Kamanceceniyar ta yi yawa.

Mai gyaran kwamfuta: Wa alaikumus salam. Ƙanena, in sata ce, to Apple ma a gonar wani ta yi girbi. Tun 1973 kamfanin Xerox ya ƙera kwamfutar Alto mai linzami a Palo Alto ta Amurka, kuma Steve Jobs na Apple ya je ya gani da idonsa a ƙarshen 1979.

Malama: Malam, ban yarda ba. Xerox da kanta ta buɗe musu ƙofa, bayan an ba ta damar sayen hannun jarin Apple. Wanda mai gida ya yi wa iso ba ɓarawo ba ne.

Mai gyaran kwamfuta: Malama, ai Microsoft ma da takardarta. John Sculley, shugaban Apple a lokacin, ya ba ta izini a 1985. Da Apple ta kai ƙara a 1988, wannan takardar ce ta karya mata gwiwa, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1994. Tagogin Windows 1.0 ma ba sa hawa kan juna, jere suke gefe da gefe.

Tsohon injiniya: 'Ya'yana, kun tsaya kallon taga kun manta da ɗaki. Abin da ya dame mu a lokacin shi ne manhaja biyu su yi aiki tare. Macintosh ta farko ɗaya take ɗauka, sai ka rufe ta ka buɗe wata. A Windows ta lokacin kuwa, sai manhaja ta ga dama take sakin ragama. In ta maƙale, komai ya tsaya, aikinka ya tafi. Kwamfutar Amiga 1000 ta 1985 ita ce ke raba lokaci da kanta, ta karɓe daga wannan ta ba wancan. DESQview, shirin kamfanin Quarterdeck, shi ma na 1985, yana juya manhajojin DOS (tsarin Microsoft na kafin Windows) da yawa duk da ƙuncin ma'adanar aiki ta 640K. Yana yi min ciwo yadda aka manta da su.

Ɗalibi: Baba, na ji, na kuma ƙaru. Amma Windows 2.0 ta 1987 fa? Ai a nan tagogin suka fara hawa kan juna irin na Macintosh.

Malama: Yawwa. Kuma ita ce ta sa Apple ta tafi kotu.