Kwana tara ina shan shayin wankin ciki, jiri ya ƙi sakina

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Wata biyu da suka wuce muna bikin ƙanwar maigidana a unguwar Mabera, nan Sakkwato, ni ce kan tukunya tun asuba, ga zafin garin nan, abokiyar zamana ta shige ɗaki wai ƙafa ke mata ciwo, amma da aka fara kiɗa ita ce a gaba. Ban ce komai ba. Wajen la'asar na ji ƙeyata ta riƙe, idona ya yi duhu, sai farkawa na yi a gadon asibiti. Aka auna jinina, 180/110, aka ce hawan jini ne. Shekaruna 41, kuma shanyewar ɓarin jiki ce ajalin mahaifiyarmu, shi ya sa hankalina ya tashi. Na bar lemon kwalba, na bar soye-soye. Sai wata a WhatsApp ta sayar min da shayin wankin ciki na kwana 21, naira 15,000, ta ce datti ne ya taru a jinina. Yau kwana tara. Ina zagayawa sau biyar sau shida a rana, ga jiri, da dare jijiyar ƙafata ta ɗaure. Na tambaye ta, ta ce dattin ne ke fita. In ci gaba?

Hajiya Inno: Ɗiyata ci gaba abinki! Mu da munka tashi, dut shekara sai an ba mu filasko da tsamiya, ba mu san wani hawan jini ba. Magani in bai motsa ki ba ai ba magani ba ne. Ki ƙara da tafarnuwa da lemon tsami da sahe.

Uwar Biyu: Allah ya ba ki lafiya. Ni abokiyar zaman ce ta tsaya min a rai. Irin tawa ce sak, ranar aiki ciwo, ranar rabon kaya garau. Wallahi su ne hawan jinin, ba gishiri ba.

Anti Nas: Maman Ilham, ba ki faɗa mana ba, wane magani aka ba ki a asibiti, kuma kina sha?

Maman Ilham: Amlodipine ne Anti. Na sha kwana goma sai ƙafata ta kumbura, na ajiye. Kuma an ce in ka fara shi kai da shi har abada.

Anti Nas: To nan matsalar take, ba a wani datti ba. Kumburin ƙafa sananne ne da wannan maganin, komawa ake yi likita ya rage ko ya canza wani, ba a ajiyewa. Wanke jini aikin hanta da ƙoda ne, kuma hawan jinin da aka sake shi ne ke kashe ƙodar. Irin shayin nan sau da yawa ganyen sa zawo ne a ciki. Ruwan jikinki da sinadarin fotasiyam kike zubarwa, shi ne jirin da ɗaurewar jijiya, ga mu a garin da zafi ke wuce digiri 40. Ki tsayar da shi yau, ki sha ruwan gishiri da sukari na ORS, gobe ki je a auna ki, ki tafi da kwalin shayin a gani.

Hajiya Inno: Ku dai 'yan asibiti komi ku ce ƙoda. Maƙwabciyata ta Runjin Sambo wata ukku tana shan zogale da soɓorodo, yanzu ko ƙwaya guda ba ta haɗiya.

Anti Nas: Hajiya, an auna ta? Hawan jini ba ya sallama, mutum na jin garau yana cinsa. Zogale abinci ne mai kyau, soɓo ba sukari yana ɗan taimakawa, amma ba su riƙe 180.

Maman Sadik: Ni gishirin ne ya gagare ni. An ce kada ya wuce giram 5 a rana, ƙaramin cokali ɗaya, har da na cikin dunƙule. Na koma daddawa, maigida ya ture kwano wai miyar marasa lafiya na ba shi. Yanzu tukunya biyu nake ɗorawa, da tsadar gas ɗin nan.

Uwar Biyu: Hmm, maza kenan. Shi ya kwanta ciwo ki ga yadda gida zai koma asibiti.

'Yar Arkilla: Mu huɗu muna tattaki bayan sallar asuba, minti 30, kwana biyar a mako, kafin rana ta buɗe. In kina kusa ki zo.

Maman Ilham: Na gode. Amma gaskiya tun da na fara shayin tumbina ya sauka, zanena ma ya yi min yawa. Kuma matar ba 'yar damfara ba ce, malamar Islamiyya ce ta haɗa mu. Tattaki kuma maigida ba zai bar ni fita da duhu ba.

Anti Nas: Ruwa ne ya sauka, ba kitse ba. Yaushe rabonki da awo?

Hajiya Inno: Saura kwana 12 kacal, kak ki yi asarar kuɗinki. Ki gama, sannan ki tai su auna, su ga ikon Allah.

Maman Ilham: Tun ranar da aka sallame ni ban auna ba. Bari in rage zuwa rabin kofi in gani zuwa Juma'a. Wai a kemis nawa suke awon jini yanzu?

Maman Sadik: Ni dai mai hanyar sa daddawa ta yi daɗi ba dunƙule ta taimaka min.