Yaro ya zane min kujera da teburi da alƙalamin maka, da me zan goge?

Maman Auta:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa fama da irin wannan. Autana, ɗan shekara uku, ya zaƙulo alƙaluman maka guda biyu daga jakar yayarsa jiya da yamma, ina ɗaki ina ninke kayan wanki. Kafin in fito ya gama aikinsa. Ɗaya shuɗiya ce, daga cikin kwalin nan na zanen yara. Ɗayar baƙa ce, Sharpie, wadda yarinyar ke rubuta suna da ita a bayan littattafanta.

Wuri uku ya taɓa. Hannun doguwar kujerar falo, yadi ne mai ruwan madara, ya yi masa da'irori da shuɗin sannan ya ja dogon layi da baƙar. Teburin tsakiya, na katako mai sheƙi, nan baƙar ce zalla, wai mota ya zana mini. Sai ƙofar durowa ta farar fomeka, ita ma baƙar ce. Na sa jiƙaƙƙen tsumma da sabulu a teburin, ko gezau zanen bai yi ba. Kujerar kuwa ban taɓa ta ba, tsoro nake kada in ƙara ɓata ta. Teburin ne ya fi damuna, domin na mahaifiyata ne, Allah ya jiƙanta, ba na son ya rasa sheƙinsa. Me zan yi amfani da shi, kuma daga ina zan fara?

Malamar Nazare:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu, Allah ya raya mana su. Kin kyauta da ba ki taɓa kujerar ba.

A ajinmu kusan kullum sai an yi wannan, abin da na koya kuwa shi ne a fara sanin irin tawadar. Makar zanen yara, musamman wadda aka rubuta ana iya wanke ta, da ruwa aka narkar da launinta, don haka ruwa da ɗan sabulu ke ɗaga ta. Irin su Sharpie kuwa da sinadarin alkohol aka narkar da launin, an haɗa da wani ɗanko. Alkohol ɗin ya bi iska, ɗankon ya liƙe launin a wurin. Shi ya sa sabulunki bai yi komai ba, ruwa ba ya narkar da wannan ɗankon. Abin da ya narkar da shi tun farko shi zai sake narkar da shi, wato alkohol, shi ne sifirit, irin wanda ake goge fata da shi kafin allura.

Idan kina tantama kan shuɗin, ja layi da shi a bayan farantin tangaran, ki bari ya bushe, ki shafa jiƙaƙƙen yatsa. In ya bi yatsan, na ruwa ne.

Fara da fomekar, ita ce mai sauƙi don tawada ba ta ratsa ta. Ɗiga sifirit a auduga ki goge, ki bi da busasshen tsumma nan take. In babu sifirit a gida, sanitaizar hannu tana yi, yawanci alkohol ɗinta ya kai kashi 60 cikin 100 ko fiye. Mu a makaranta har makar farin allo muke bin zanen da ita, mu rufe shi ruf, mu goge tun tana ɗanye, sai ta taho da tsohuwar. Amma wannan dabarar a abu mai santsi kawai take aiki, kamar fomeka da gilashi. Kada ki kai ta kusa da yadi.

Abban Yara:

Hajiya ki samu tina irin ta masu fenti, ko kananzir. Shafa ɗaya duk zai fita, har na teburin. Ko abin goge jan farce, in kina da shi.

Tsohon Kafinta:

Malam, ka yi haƙuri, amma ban yarda a kai tina kan wannan teburin ba. Tabon zai fita, gaskiya ne, sai dai tare da sheƙin zai fita. Abin goge jan farce yawancinsa asiton ne, shi da tina duk suna narkar da irin fentin sheƙin da ake fesa wa katako. Na sha karɓar teburan da aka yi wa haka: wurin ya yi fari, ya yi danƙo, wani lokacin har zaren tsumman ya maƙale a ciki. Gyaransa sai an kankare saman teburin gaba ɗaya an sake fesawa. Kananzir kuma ba ya wani ɗaga irin wannan tawadar, maiƙo da wari kawai zai bar mata, a yadi kuwa ya zama sabon tabo.

'Yata, ki kwantar da hankalinki. Tawadar ba ta kai ga katakon ba, tana kwance ne a kan fentin sheƙin da ya rufe shi. Aikin da ke gabanki shi ne ki ɗauke ta ba tare da kin ci fentin ba. Ko sifirit ɗin da Malama ta ambata, a nan sai an yi hattara. Tsofaffin kayan katako da yawa da wani fentin sheƙi da ake kira shelak aka gama su, shi kuwa shelak da sifirit ake narkar da shi tun wajen shafawa, to in ya sake haɗuwa da shi narkewa zai yi. Na zamani da aka yi wa fentin sheƙi na foliyuretan sun fi juriya. Tunda kin ce na mahaifiyarki ne, ina zaton ya kwana biyu, don haka gwaji ya zama dole.

Kada ki gwada a ƙarƙashin teburin. Mutane da yawa can suke gwadawa, alhali mu kafintoci sau da yawa ba ma fesa wa ƙasan komai, gwajin ba zai gaya miki gaskiya ba. Nemi bayan ƙafar teburin, can ciki inda ido ba ya kaiwa amma akwai sheƙi. Tsoma audugar goge kunne a sifirit, ki ɗan taɓa wurin, ki jira kamar minti ɗaya. In wurin ya yi danƙo, ko ya dushe, ko audugar ta fito da launin ruwan ƙasa, ajiye sifirit ɗin, ba na teburinki ba ne.

In haka ta faru, koma ga farin man goge baki, ba mai kama da jeli ba. Ɗan kaɗan a tsumma mai laushi, ki murza a hankali kina bin yadda zaren katakon ya kwanta, ki share da tsumma mai ɗan laima, ki busar, ki duba, ki sake. Yana da ɗan gari-gari a ciki da ke cin tawadar sannu a hankali. Aikin haƙuri ne.

In kuwa gwajin ya yi kyau, da audugar kunnen za ki bi layin zanen shi kaɗai, guntu-guntu, kina sauya auduga da zarar ta yi baƙi, kina share wurin da busasshen tsumma kafin sifirit ɗin ya zauna. Kada ki tsiyaya shi a kan teburin. In kin gama ki shafa ɗan man goge katako.

Za a kuma ce miki ki sayi farin soson nan na melamin da ake tallarsa yana goge komai. Yana gogewa, amma kankara yake yi, samfefa ce mai laushi ƙwarai. A kan katako mai ƙyalli sai ya bar miki wuri dususu wanda za ki riƙa gani duk sanda haske ya faɗa. Samfefa ta ainihi kuwa, mai lamba 220, sai ga katakon da ba a yi wa fenti ba, shi ne tawada ke shiga jikinsa. Kuma teburi da yawa siririn falle ne na katako mai kyau aka manna a sama, kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, 'yar gogayya kaɗan sai a huda shi.

Mai Wankin Kujeru:

Baba ya gama magana kan katako. Ni bari in ɗauki kujerar.

Hajiya, ɗaga matashin zama ko ki leƙa ƙasan kujerar, wasu na zuwa da 'yar takarda mai harafi. W na nufin ruwa ya halatta. S na nufin ban da ruwa, sai sinadari irin sifirit. WS duka biyun. X kuwa buroshi da injin zuƙe ƙura kawai, wannan sai ki kira masu aikin. In babu takardar, gwada a bayan kujerar can ƙasa da farin tsumma, ki ga ko launin yadin zai bi tsumman.

Babban abin da ke ɓata kujera shi ne dirza. In kika dirza, kin tura tawadar cikin zare da soson da ke ƙasa, layi siriri ya koma faffaɗan tabo. Dannawa ake yi a ɗaga. Farin tsumma za ki samu, don ki riƙa ganin abin da ke fitowa, kuma mai launi yana iya zuba. Ki jiƙa tsumman, ba kujerar ba. Ki fara daga gefen tabon kina shigowa tsakiya, duk dannawa ki juya zuwa wuri mai tsabta.

Shuɗin: ƙaramin cokali na sabulun wanke-wanke a kofi biyu na ruwa mai sanyi ko ɗumi-ɗumi. Baƙin: sifirit, mai alkohol kashi 70 cikin 100 ya isa. Inda suka haɗu ki fara cire shuɗin, ki bari ya bushe, sannan ki koma kan baƙin. Daga ƙarshe ki danna da ruwa zalla don sabulun ya fita, in ya zauna datti zai riƙa kamawa. Ki ɗan laimata hannun kujerar har zuwa ɗinki, don kada ya bushe da zobe. Fanka za ki kunna masa. Ban da dutsen guga, ban da na'urar busar da gashi, zafi na zaunar da abin da ya rage.

Don Allah ki buɗe taga, ki nisanta da wuta, sifirit na kamawa nan da nan. Yaron ma ya fita daga falon, kwalbar kuma a ɗaga ta sama. Kada ki sa bilic, zai cinye launin yadin, kuma haɗa shi da sifirit ko wani maganin goge-goge na fitar da iska mai guba.

Uwar Biyu:

Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Kujerata ta leda ce, tabon jar maka ya yi watanni a kai. Sifirit ɗin zai yi?

Mai Wankin Kujeru:

Anti, taki ta fi wuya. In fata ce ta gaske, launinta da rufinta a sama suke, sifirit na iya ɗebe su tare da tawadar, ya kuma busar da fatar. Sabulu mai laushi da tsumma mai ɗan laima za ki fara gwadawa, sai man gyaran fata daga baya. Fata mai gashi-gashi, ko wadda ke shanye ɗigon ruwa ta yi duhu, kada ki sa mata komai da kanki. In kuma ledar roba ce, tana ɗan jure sifirit a kan audugar kunne, amma irin wannan tawadar tana nutsewa cikin robar in ta daɗe. Bayan watanni zai dushe ne kawai, ban yi miki alkawarin zai ɓace ba. Masu gyaran kujeru na iya shafa launi daidai da nata su rufe wurin, ya fi ki yi ta murza har saman ya fara saɓulewa.

Maman Auta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga yadda aka yi.

Fomekar ta fita tas da sanitaiza. Teburin kuwa, Baba, maganarka ta tabbata: da na taɓa bayan ƙafar da sifirit, audugar ta fito ruwan ƙasa, wurin ya ɗan yi danƙo. Sai na koma ga man goge baki. Na zauna a ƙasa ina bi a hankali, tayoyin motar suka fara tafiya, sannan jikinta. Sheƙin yana nan. Saura wani ɗan ɗigo baƙi inda akwai tsohon ƙarzane, da alama tawadar ta shiga ciki.

Kujerar WS aka rubuta. Shuɗin ya fita duka, tsumman ya koma shuɗi. Baƙin layin ya ragu sosai, amma da rana ina hango inuwarsa. In ci gaba da sifirit ɗin ko in tsaya? Ɗigon teburin kuma fa?

Mai Wankin Kujeru:

Ki bari ya bushe sarai zuwa gobe, ki sake zagaye ɗaya. Tsumman ne zai gaya miki: muddin yana ɗauko launi, akwai sauran aiki. Ranar da ya fito fari, ki tsaya, abin da ya rage ya rina zaren ne, ƙarin dannawa yadin kawai zai gajiyar.

Tsohon Kafinta:

Ɗigon nan ki daina bin sa da man goge baki, 'yata, in kika nace za ki cinye fentin da ke kewaye da shi. Akwai ɗan sandan kakin zuma mai launin katako da ake cike ƙarzane da shi. Ki zaɓi wanda ya ɗan fi teburin duhu, ki goga a kan ƙarzanen har ya cika, ki share abin da ya hau gefe da tsumma mai laushi.