Kogunan dutse na Dambulla: wai ruwa na hawa sama?

Matafiyiya: 'Yan uwa, wata mai zuwa zan je Siri Lanka. An ce a kogunan ibadar mabiya Buddha na Dambulla akwai ruwan da ke hawa sama. Da gaske ne?

Mai Yawo: Na je, Hajiya. Kogo na biyu ne. Ruwan na bin tsagar rufin dutse yana ɗiga cikin tukunya, jagoranmu ya ce ko da fari ba ya ƙafewa. Hawa saman kam, na ƙura ido har wuyana ya ƙage, ban gamsu ba.

Baban Yara: Koguna biyar ne. Wai nan Sarki Valagamba ya ɓuya da aka kore shi daga mulki, da ya dawo ya mai da su wurin ibada.

Mai Yawo: Ki tafi da safa. Takalmi ake cirewa, dutsen kuwa da rana wuta!