Funfunar da ke kashe jemagu a Amurka, za ta iya rayuwa a sanyin Jos?

Malam Sani: Salam jama'a. Kun ga hotunan jemagun nan na Amurka masu farin abu a hanci kamar an barbaɗa musu gari? Funfuna ce mai son sanyi, ta kashe miliyoyi. Ni fa ina ganin da irin hunturun Jos ba abin da zai hana ta zama a kogunan duwatsun Shere, gara a kori jemagun da ke cikinsu tun da wuri

Maryam: Wa'alaikumus salam Malam. Gaskiya ban yarda ba. A 2006 aka fara ganinta a wani kogo kusa da Albany, jihar New York, kuma ba sanyin kaɗai ke kisa ba. Jemagun can suna barcin watanni a kogo, jikinsu ya yi sanyi kusan daidai da na kogon, a lokacin ne take cin fatar fikafikansu tana ta tada su daga barci, kitsen da suka tara ya ƙare alhali babu ƙwaro ko ɗaya a waje, sai yunwa da ƙishi su kashe su. Namu ba sa wannan dogon barcin

Malam Sani: Amma Maryam ai a Disamba sai da bargo biyu ake kwana a Rayfield

Maryam: Haka ne Malam, amma da rana fa? Ita funfunar idan zafi ya haura digiri 20 ba ta girma, jikin jemagen da ke tashi kullum yana neman abinci kuwa ya fi haka zafi nesa ba kusa ba

Alhaji Bala: Ni tsorona mutane. Tana kama ɗan Adam?

Maryam: A'a Alhaji, ba a san ta da kama mutum ba. Sai dai mutum na iya ɗaukarta a takalmi ko kaya daga kogo zuwa kogo, ana ma ganin daga Turai ta shiga Amurka, kuma jemagun Turai sun fi jure mata

Usman: Ni maganar korar ce ta dame ni wallahi. Ina noman dankali a Bokkos, na san kuɗin feshi. Wani bincike na 2024 ya nuna a yankunan Amurka da jemagu suka mutu manoma sun ƙara maganin ƙwari da kusan kashi 31 cikin ɗari, mutuwar jarirai ma ta ƙaru da kusan kashi 8. Masu cinye mana ƙwari kyauta za mu kora saboda cutar da ba ta zo ba?

Malam Sani: To na ji, amma ban janye duka ba. Cikin kogo mai zurfi rana ba ta shiga, wa ya taɓa auna sanyin namu?

Maryam: Wannan kam tambaya ce mai kyau Malam, aikin 'yan jami'ar Jos ne su shiga su auna. Kafin nan a bar jemagun inda suke don Allah

Alhaji Bala: Kuma a hana yara kama su da hannu, wannan funfunar ko babu ita suna ɗauke da wasu cututtukan