Za mu iya ba maigadi da malamai bindiga a makaranta? In aka yi ɓarna wa za a kama?

Malam_Ketu:
Assalamu alaikum jama'a. Masu sani ku taimaka don Allah. Ina cikin kwamitin wata 'yar makarantar Islamiyya da boko a ɓangaren Ikorodu, muna da 'yan kwana masu hadda. Ran Asabar mun yi mitin da iyaye, sai wani Alhaji mai harkar shanu a Kara ya miƙe ya ce shi zai sayi bindiga da kuɗinsa a ba maigadi, a kuma kai malamai biyu a koya musu harbi, wai tun satar ɗaliban da aka yi a Kuriga ta jihar Kaduna a 2024 bai ƙara barci mai daɗi ba. Wallahi rabin ɗakin kabbara suka yi. Ni kam jikina ya yi sanyi, ba don ban ga hujjarsa ba, mu da ke nan mun san an shiga makarantar Babington Macaulay a Ikorodu a 2016 an ɗauke 'yan mata uku, an shiga makarantar Igbonla ta Epe har sau biyu, na 2017 ɗin yara shida suka yi sama da wata biyu a hannun mutanen, kuma ta ruwa suke zuwa, mu ma bayan katangarmu fadama ce. To amma doka ta yarda? Kuma in Allah ya kawo tsautsayi harsashi ya sami yaro ko mai wucewa, wa za a kama, malamin, ko mai makaranta, ko mu 'yan kwamiti da muka sa hannu?

BaristaAgege:
Wa'alaikumus salam Malam. Ku dakata tukuna, kar kowa ya karɓi ko harsashi ɗaya. Dokar bindigogi ta 1959 ita ke aiki har yau, kuma ta kasa su gida uku. Irin su AK-47 sai da lasisin Shugaban Ƙasa, bindigar farauta mai harsashi sai da na Sufeto Janar, ta toka kuma ta hannun Kwamishinan 'yan sanda take bi. Abin da mutane ba sa ganewa shi ne lasisi da sunan mutum ɗaya ake bayarwa, ba da sunan makaranta ba, ko Alhaji ya samu nasa ba zai miƙa wa maigadi ba, ranar da maigadi ya rataya ta ya zama mai riƙe da makami ba izini, kuma wannan laifi ne da kan kai mutum shekara 10 a gidan yari. Ko kamfanonin gadi masu rajista da Sibil Difens, dokarsu ta 1986 ta hana ma'aikatansu ɗaukar bindiga, balle maigadin da kuka ɗauka da baki.

Maganar wa za a kama kuwa, shari'a biyu ce. Ta laifi tana kan wanda ya ja kunama, kuma duk wanda ya ba shi makamin ko ya umarce shi ana iya haɗawa da shi. Sashe na 33 na tsarin mulki ya yarda da kare kai, amma da sharaɗin ƙarfin da aka yi amfani da shi bai wuce abin da ake buƙata ba, kotu ce za ta auna bayan an gama, ba ku ba. Ta biyu ta biyan diyya ce, nan iyayen yaro makaranta za su maka, don ɓarnar da ma'aikaci ya yi a bakin aiki mai gidansa ne ke ɗauka. In makarantar ba a yi mata rajistar kamfani ko ta amintattu ba, to dukiyar mai ita kai tsaye za a bi. Takardar mitin ɗin da kuka sa wa hannu kuma ita ce shaida ta farko da lauyan ɗaya ɓangaren zai nema.

DanMile12:
Barista duk mun ji, amma gaskiya ku 'yan doka kuna magana kamar ɓarayin ma lasisi suke nema kafin su zo. Ni ɗan Zamfara ne, ƙauyenmu an shigo da dare mun yi ta kiran waya har gari ya waye ba wanda ya zo, shi ya sa na dawo da iyalina Legas. Jangebe yara 279 aka kwasa, da akwai ko mutum biyu masu bindiga ai da ba a kora su kamar tumaki ba. Gara kotu ta ɗaure ni da in tsaya ina kallo a tafi da 'yata.

BaristaAgege:
Allah ya jiƙan waɗanda aka rasa ɗan'uwa, ban raina zafin da kake ji ba. Amma ka tuna a 2022 gwamnan jiharku da kansa ya ce jama'a su nemi bindiga, babban hafsan tsaro ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. In gwamna bai iya ba, kwamitin Islamiyya fa?

MamanHanif:
Ni malama ce shekara goma sha ɗaya a Idi-Araba, ku bari in faɗi nawa. Ba wanda ya tambayi malaman ko suna so. Mutum yana fama da yara cike da aji, albashi ba ya kai wata, sai kuma a ɗora masa bindiga? A ina zai aje ta, a durowa kusa da alli? Yaranmu fa ba abin da ba sa buɗewa. A Fakistan bayan harin makarantar Peshawar na 2014 sun ba malamai izinin riƙe bindiga, ba a jima ba wani malami a Swat yana goge tasa ta tashi ta kashe ɗalibi. Amurka da Alhaji zai ce su ma suna yi, a Kansas da suka yi dokar a 2013 babban kamfanin inshorar makarantunsu cewa ya yi ba zai ba makarantar da ma'aikatanta ke ɗauke da bindiga inshora ba. Masu lissafin asara kenan fa suka ja baya. Ku nan inshorar me kuke da ita?

TsohonSoja_Obalende:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Harbi a fili daban, harbi cikin duhu yara na gudu ta ko'ina suna ihu daban. Florida awa 144 suke horar da mutum kafin ya riƙe makami a makaranta, duk da haka a Uvalde ta Texas a 2022 da wani ɗan bindiga ya shiga makaranta, jami'ai 376 suka taru sai da aka yi minti 77 kafin a shiga ajin, yara 19 da malamai 2 suka mutu. Waɗannan aikinsu kenan. Sannan mutum goma sha da AK in suka san akwai bindiga ɗaya a gida, maigadin za su fara kashewa su ƙara da ita. Malam kuɗin nan ku ɗaga katangar baya ku sa waya, ku sa fitila mai sola ta ɓangaren fadama, ku sare ciyawar, ku sa jiniya mai ƙara. Ku je wurin DPO a rubuce, ku je Sibil Difens suna da sashen tsaron makarantu, ku haɗa kai da 'yan sintirin unguwa na jiha da Baale, wato mai unguwar Yarbawa. Horon da malamai ke buƙata shi ne wa zai buga waya, wa zai kulle ɗakin kwana, ina yara za su taru, wa zai ƙirga su, da yadda ake tsai da jini.

AbuSumayya:
Ƙari kaɗan, ko a musulunci kisan kuskure ba ya tafiya a banza, akwai kaffara kuma akwai diyyar raƙuma 100 a kan dangin wanda ya yi. Ku tambayi Alhaji ko ya shirya wannan ma.

Malam_Ketu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na tura wa shugaban kwamiti duka, ya ce za mu sake zama ran Lahadi bayan la'asar, kuma zai roƙi Alhaji ya juya kuɗin zuwa katanga da sola. DanMile12 maganarka ta tsaya min a rai wallahi, akwai iyaye irinka da yawa a wurinmu kuma sai mun san yadda za mu yi musu bayani. Barista in ba damuwa zan maka magana ta inbos kan rajistar nan, don ina jin da sunan marigayi mai makarantar take har yanzu.