Wa ya taɓa gwada yogar ɗakin zafi? Shawara nika so

Lamba8_Mabera: Salam 'yan uwa. Ina da gwaji a wani kulob na ƙwallo wata mai zuwa, kuma bayan cinyata kullum a ɗaure. Wani mai jim ya buɗe ajin yoga a ɗaki mai zafi, dubu 15 a wata, wai tana sassauta jiki ta ƙara numfashi. In biya ko in sai but? Kuɗin ɗaya za su yi.

Dan_Arkilla: Ɗakin zafi a Sakkwato?? Jira watan Afrilu a ɗauke wuta ka rufe taga, kyauta 😂

UmmuFizio: Ƙanena, irin yogar zafin da ake kira Bikram ɗakin na kai digiri 40, salon miƙa jiki 26, minti 90. Jiki na sabawa da zafi cikin kamar mako 2, zufa ta riƙa zuwa da wuri, bugun zuciya ya sassauta. Amma kai da ke tirenin a filin wasa na Giginya da rana ka riga ka samu wannan. Cinyar fa a duba ta tukuna.

Tsohon_Gola: Kada ka je. Ni munka shiga da abokina, zafi ya sa nij ji jikina ya yi laushi na yi ta miƙewa har na wuce iyaka, ban ji komi ba sai da safe na kasa taka ƙasa, jijiya ta yage, shi kuma abokin nan take jiri ya kwashe shi sai da anka yi mai ƙarin ruwa. Mai wurin cewa ya yi guba ce ke fita. Guba! Kilon da ka ga ya ragu ruwa ne, ka sha fiya wata ya dawo.

Sadiq_RunjinSambo: Dubu 15? Ni dubu 8 anka ce min.

Lamba8_Mabera: To ni dai 15 ya ce, har da tabarma.

Koci_Manu: Yaro sai but. Mun horar da yara tun ba a san yoga ba, tsalle da gudu a yashi sun isa.

UmmuFizio: Baba Koci da girmanka, gudun yashin nan kan cinya mai ciwo shi za ya ƙarasa ta.

Koci_Manu: Ɗiyata, kin taɓa buga ƙwallo?

Tsohon_Gola: Ku bar musu. Abin da ya fi ƙona min rai kulob ɗinmu, ko sisi ba su ba ni na magani ba, albashin ma sunka riƙe wai ba a fili na ji ciwo ba.

Sadiq_RunjinSambo: Ai ko a fili ne haka za su yi. Ƙanena guiwa ya goce ana cikin wasa, mu munka yi karo-karo.

Dan_Arkilla: Ku har albashi kuke da shi?