Irin da ya ƙi tsira saboda zafi: me za mu kira wannan hali?

Jama'a, ina rubuta 'yan bayanai ga masu noman rani sai na ci karo da kalmar thermoinhibition, wato ƙin tsirar iri saboda zafi, kamar yadda irin ganyen spinach ke yi, na tsaya cak. Kwana uku ke nan ina juya ta. Ga inda na kai, masu lambu da malamai ku gyara mini.

Mu fara raba gardama guda. Ganyen da Turawa ke kira spinach ba alayyahonmu ba ne, ko da yake haka ake yawan fassara shi. Namu ɗan zafi ne, rana ba ta dame shi ba. Wancan asalinsa ƙasar Farisa, kuma sanyi yake so. Irinsa ya fi tsira idan ɗumin ƙasa yana tsakanin digiri 15 da 20. Da ya haura 30 sai tsiro ya ja baya, a 35 kuwa ƙalilan ne ke fitowa. Bari mu kira shi alayyahon Turawa.

To, a cikin zafin nan iri yana shan ruwa, ya kumbura, da ransa, amma ya ƙi fasowa. Sanyi na saukowa sai ya tsira kamar ba shi ba. Wannan halin nake nema wa suna.

Wani abokina ya ce "mutuwar iri". Ban yarda ba, kuma akwai haɗari a ciki: manomin da aka ce wa irinsa ya mutu zai kife bedin ya sake kashe kuɗi, alhali jira kawai ake bukata. Wata malama ta kawo "suma". Ta matso kusa, sai dai suma ciwo ne, wannan kuwa dabara ce ta tsare rai, kada ɗan tsiro ya fito rana ta ƙone shi. "Barci" ma na so shi, amma ina ganin a ajiye shi ga wani mataki: idan zafin ya daɗe, iri kan shiga halin da ko sanyi ya dawo ba zai tashi nan take ba. Wannan shi ya cancanci a ce masa barcin zafi.

Wani dattijo mai lambun latas na yi wa bayanin, domin irin latas ma haka yake. Ya ce, "Yaro, ai likimo ya yi." Na ce, "Baba, ka gama magana." Mai likimo idonsa biyu, yana jin duk abin da ake ciki, ya dai yi shiru har abin da yake gudu ya wuce. Shi ya sa na zaɓi likimon zafi.

Saura kalma ta biyu, pericarp. Abin da ake shukawa a alayyahon Turawa ba ƙwaya zalla ba ce, tana cikin wata busasshiyar riga mai tauri, wata mai santsi, wata mai ƙaya. Ku ɗauki gyaɗa: kwasfarta ita ce wannan riga, jar fatar ciki kuma fatar ƙwaya ce. Don haka kwasfa ta wadatar, ba sai mun ƙirƙiri komai ba.

Kwasfar nan na da hannu dumu-dumu a likimon. Tana ɗauke da sinadaran da ke danne tsiro, kuma idan ta jiƙe sharkaf sai ta toshe iska, daidai lokacin da zafi ya sa ƙwaya ta fi bukatar numfashi. Shi ya sa ambaliyar ban-ruwa da rana tsaka ke ƙara dagula lamarin, shi ya sa kuma irin da aka ɓare wa kwasfa ya fi jure zafi.

Mutanen Sakkwato, Damagaram da Maraɗi, manomi a wajenku zai gane likimo da ji ɗaya, ko kuna da wata kalmar da ta fi ta zama a baki?